Neman shawara: na ƙera injin ɓare gyaɗa, ina tsoron a kwaikwaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kano. Na ƙera injin ɓare gyaɗa, na sake tsarin rariyar ciki yadda ba ya fasa ƙwaya kamar na kasuwa. Yana shago a rufe, ban sayar ba. Yarona ya matsa sai ya ɗora bidiyonsa a TikTok, wani Alhaji yana son zanen wai ya nuna wa abokan hulɗarsa, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi kuma yana son guda biyu. Wanda ya taya ni yankan ƙarfe ma ya fara cewa "injinmu". Don Allah ta ina zan fara?

Wani lauya: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka hana yaron nan ɗora bidiyo. A dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970, sharaɗi na farko na samun takardar da ke hana wani kwaikwayon abin da ka ƙirƙira (patent) shi ne abin ya zama sabo, wato bai taɓa fita bainar jama'a ba a ko'ina a duniya kafin ranar da ka shigar da takarda. Ko kai da kanka ka fitar, ta bidiyo ko ta sayarwa, ka ɓata sabuntarsa. Sannan dole ya zama akwai dabarar da ba kowane gwani a sana'ar zai hango ba, kuma ana iya ƙera shi a yi aiki da shi.

Abu na biyu, dokar tana ba da haƙƙin ne ga wanda ya riga shigar da takarda, ko da wani ya riga shi tunani. Idan zanenka ya fita wani ya kai da sunansa, kana iya ƙwato haƙƙinka in ka tabbatar ba da yardarka ya ɗauka ba, amma sai ka sha zaryar kotu. Alhajin ya jira, ko ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri tukuna. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigarwa, ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, in ka daina biya ta faɗi.

Shi kuwa mai yankan ƙarfe, doka ta ce wanda ya taya aiki kawai bai kawo dabara ba, ba shi cikin masu ƙirƙira. Amma in shi ya ba da shawarar rariyar, ka ji tsoron Allah ka sa sunansa.

Wani mai sayar da injina: Ni dai gaskiya ban ga amfanin wahalar nan ba. Ranar da ka sayar da na farko, wani zai kwance shi ya auna, sati biyu ka ga irinsa a bakin titi da fenti kore. Wa zai kama shi? Gara ka ƙera da yawa, ka yi suna, ka riga kowa kasuwa.

Lauyan: Alhaji, akwai gaskiya a maganarka. Takardar ba ta tura 'yan sanda shagon kowa. Mai ita ne zai kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, ya nemi a dakatar da mai kwaikwayo a biya shi diyya, kuma da kuɗinsa. Ƙari a kan haka, ofishin rajistar ba ya bincika ko abin sabo ne da gaske, cikar takardu kawai yake dubawa, don haka wani na iya zuwa kotu a soke ta daga baya. Sai dai ba don mai walda na bakin titi ake yinta ba. Ranar da kamfani zai ƙera dubu, ko Alhajin can zai zuba kuɗi, da ita za ka zauna a yi cinikin lasisi, kana karɓar kasonka a kan kowane inji. In babu ita, me za ka sayar masa?

Wata malamar jami'a: Malam, ka nemi NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, suna taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shirya takardu da shigarwa. Kada ka rubuta bayanin da kanka. Sashen da ake zayyana ainihin abin da kake neman a kare, shi ne iyakar gonarka. In an rubuta "injin ɓare gyaɗa" kawai, an daɗe da yin wannan. In kuma an ƙuntata shi ga awon ramuka ɗaya, wani zai ƙara rabin milimita ya wuce abinsa. Ka fara duba Google Patents, shafin intanet na binciken irin waɗannan takardu, kyauta ne, ka ga ko wani a Indiya ko Sin ya riga ka.

Ɗan uwa daga Maraɗi: Takardar Najeriya ba ta aiki a nan wurinmu. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedkwata a Yawunde, rajista ɗaya ta rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi. Bayan ka shigar a Abuja kana da wata 12 ka shigar a can, a lissafa maka da ranarka ta farko.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na hana yaron. Barista, shi na Maraɗin fa, in ce masa ya dakata?

Lauyan: Ya dakata har ka karɓi shaidar shigarwa mai ɗauke da kwanan wata da lamba. Daga ranar ka sayar masa.