Musayar waƙa: Jarba da sanyi

Baban Ƴan Biyu: Salamu alaikum ƴan uwa, kwana biyu kun ji ni shiru, iyali na kwasa muka tafi Jarba, tsibirin nan na ƙasar Tunisiya, kwana 10 cikin Janairu lokacin da turawa masu zuwa shan rana duk sun koma gida har wasu otal ɗin ma a rufe suke, mu dai ɗan gida muka kama haya kusa da Humt Suk, babban garin tsibirin. Ga abin da ya zo min, mai amsawa ya riƙe amsa-amon dan Allah

Bismillahi na ɗau alƙalami da safiya,
In ba ku labarin Jarba ta Tunisiya.
Mun je da sanyi, baƙi sun yi tafiya,
Bakin teku fayau, babu hayaniya.
Ƴan biyu na tsintar katantanwa da dariya,
Uwarsu ta ce yau ta ji sanyi a zuciya.
Ni mai fita asuba, in dawo sun yi kwanciya,
Sai ga ni zaune ina jin hirarsu gaba ɗaya.

Gwaggo ta Zariya: Wa alaikumus salam ɗana, masha Allah

Barka da sauka ɗana, kun dawo lafiya?
Teku da hunturu, kai wace irin juriya!
Jikokina sun ƙoshi? Akwai tuwo da miya?
Masallaci na kusa ko sai an sha tafiya?

Baban Ƴan Biyu: Lafiya lau Gwaggo, suna gaishe ki

Sanyin na dare ne, da bargo muke kwanciya,
Rana na ɗagawa ya ishe ka riga ɗaya.
Tuwo kam babu, kuskus ne da kifi a miya,
Da man zaitun sabon matsa, Allah mun yi godiya.
Masallatai farare tas, ko'ina a hanya,
Gajeru masu kaurin bango kamar na kariya.

Gwaggo da kin ga kasuwar kifi ta Humt Suk, gwanjo ake yi wlh, mutum na zaune kan wata doguwar kujera a sama yana ɗaga kifin da aka jera a kaba yana kiran farashi mutane na tayawa daga ƙasa, da yake ba lokacin baƙi bane duk ƴan gari ne sai mu, Hassan ya kafe sai da na taya masa guda. Sannan a bakin jiragen masunta muka ga tulin ƴan tukwane an ɗaure su da igiya, ashe tarko ne na wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke ce ma ƙarnit, a zura tukwanen a teku ta shige ta ɗauka ɗaki ta samu, sai a jawo. Garin maginan tukwane kuwa Gallala, can muka wuni yara suna kallon mai gini yana juya yumɓu sun ƙi tashi

Ɗalibar Maraɗi: Kawu na amsa da ɗan abin da na karanta

UNESCO ta sa Jarba a gadon duniya,
A 2023 ne, Kawu kun je gun tarihi gaskiya.
Akwai gada tun zamanin Rumawa, tsohuwar hanya,
Kun bi ta kuwa, ko jirgin fito na garin Ajim ya ɗau kaya?

Baban Ƴan Biyu: Mun bi ta ƴata, wajen kilomita 7 ce, ruwa dama ruwa hagu, ita ce ke fita da kai daga tsibirin ta ɓangaren garin Zarzis

Na Agadas: Yaya ka yi haƙuri zan ɗan karkata waƙar, tunda ka ambaci Zarzis na kasa shiru, a can akwai maƙabartar da ake binne ƴan ci-rani masu neman tsallakawa Turai waɗanda ruwa ya turo gaɓa ba a san ko sunansu ba, mu nan da idonmu muke ganin tashinsu

Tekun da ya ba ka hutu da lafiya,
Shi ne ya haɗiye yaranmu a tsakiya.
Sun bi ta gabanmu da jarka da ƴar ajiya,
Hilux ta kwashe su sai ƙasar Libiya.
Ɗan maƙocina yana cikin masu tafiya,
Shekara huɗu ba waya, uwar tana jinya.
Ba hassada ba ce Yaya, Allah ya san gaskiya,
In an kira tekun nan sai ya taɓa min zuciya.

Baban Ƴan Biyu: Ba komai ƙanena, ka faɗi abin da ya kamata a faɗa

Daren ƙarshe iska ta taso da hayaniya,
Muka ji ruwan na dukan gaɓa har safiya.
Uwar yara ta tashi, ta kasa kwanciya,
Ta ce wa ke cikin kwale-kwale yanzu a tsakiya?
Muka yi alwala, muka roƙi Sarki ɗaya,
Ya jiƙan na ƙasa, ya fid da na ruwa lafiya.

Gwaggo ta Zariya: Amin ya Allah. Na Agadas, ka gaida min uwar yaron nan, ka ce mata wata tsohuwa a Zariya ta sa ɗanta a addu'ar asuba daga gobe