Imel ɗin makaranta ya ƙi hawa wayata

Ummita: Salam 'yan uwa, dan Allah ku taimaka. An ba mu imel na jami'a mai edu.ng a ƙarshe, a kwamfutar kafe yana buɗewa lafiya lau amma a wayata Tecno sai ya ce fasuwod ba daidai ba, ga malami ya ce ta nan kawai zai turo asamen, ya zan yi?

Abban Hanifa: Wa alaikissalam ƙanwata. Fara duba wa ke riƙe da imel ɗin naku, Google ne ko Microsoft. In na Google ne ki buɗe Gmail ki taɓa hotonki a sama ki ƙara akawun ki zaɓi Google, sai ki rubuta adireshin gaba ɗayansa har abin da ke bayan @ ɗin, nan ne da yawa suke yankewa. In Microsoft ne sauke Outlook kawai ki huta.

Sadiq_Zariya: Kuma fasuwod ɗin farko da suke bayarwa sau tari sai kin canza shi ta burauza tukuna waya za ta karɓa. In an nemi ki cika saitin imel ɗin da hannu, lambar IMAP (hanyar karɓo saƙo) 993 ce da SSL (tsarin tsaro), ta SMTP (hanyar aika saƙo) kuma 587.

Ummita: Wlh canza fasuwod ɗin ne ashe, ya hau yanzu. Allah ya saka da alheri yayyena.