Ƙurajen aski sun hana ni sakat, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan shekara 2 ke nan, duk lokacin da na aske gemu, bayan kwana 2 ko 3 sai ƙuraje su feso mini a ƙarƙashin haɓa da wuya. Gashina mai murɗewa ne, idan ya fara tsirowa sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Ga ƙaiƙayi, ga baƙin tabo da ya ƙi gogewa, abin yana damuna ƙwarai.

Ba abin da ban gwada ba. Ina jiƙa wurin da ruwan ɗumi, in shafa kumfa, in bi inda gashin ya kwanta, ba na jan fata. Rezar ma ina ɗauraye ta in shanya don kada ta yi tsatsa, kuma ba mai taɓa mini ita. Duk da haka, jiya i yau.

Shin reza mai baki 3 ɗin da nake amfani da ita ce matsalar, tunda tana yanke gashi har ƙasa sosai? In koma mai baki ɗaya, ko kilifa kawai? Kuma aski nawa ya kamata a yi da reza kafin a jefar? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini.