Katun, majigin yara, ko zane mai motsi: wanne za mu tsayar?

Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tsayar da kalma guda ta Hausa ga abin nan da yaranmu ke kira katun. A baki babu matsala, daga Kano har Kumasi kowa ya san katun. Wahalar tana zuwa ne wajen rubutu, musamman idan mutum zai yi sharhi a kan wani kashi na shirin yara, ya faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza. Kashi da zango dai mun samu, masu shirye-shirye masu dogon zango sun riga sun zaunar mana da su, har yaro ya san zango na 2 kashi na 5. Sunan sana'ar kanta ne har yanzu kowa ke kira yadda ya ga dama.

A cikin shawarwarin da kuka bayar, wasu sun kawo zanen barkwanci. Wannan yana da mai shi: zanen jarida ne, irin wanda Mustapha Bulama ke yi a Daily Trust. Yana nan tsaye a takarda, kuma ba kowane katun ba ne na ban dariya. Mu bar wa 'yan jarida kayansu.

Baba, ka kawo majigin yara, kuma na ji daɗin kalmar, domin tana da tarihi. Majigi ita ce motar da ake kawowa gari tun zamanin Turawa har zuwa Gwamnatin Jihar Arewa, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna wa mutane fim ɗin tsafta da noma. Sai dai yau majigi ta koma sunan na'urar haska hoto a bango, wadda ake kaiwa lacca da taro. Abin da ya fi damuna ma shi ne "yara" ɗin da ke maƙale a jikinta. Iyaye da yawa da sun hango zane a allon waya sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai na yara ne. Alhali akwai katun da aka yi don manya zalla, cike da ashar da zubar da jini da abin da baki ba zai iya faɗa ba. Idan sunan da kansa yana ce wa uwa "na yara ne", mun taya ta sakaci.

Malam, kai ka ce zane mai rai, ko rayayyen zane, tunda kalmar Turawan, wato animation, daga rai ta samo asali. Da girmamawa, ban goyi baya ba. Bahaushe ba ya jingina ba da rai ga ɗan Adam, kuma ka fi ni sanin hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa za a ce wa masu suranta hoto su rayar da abin da suka ƙirƙira. Wa zai so a kira sana'arsa da "mai rayar da zane" a gaban malamansa? Larabawa ma da za su sa wa abin suna ba su bi ta hanyar rai ba, rusum mutaharrika suka ce, wato zanuka masu motsi.

Ni a kan zane mai motsi na tsaya, kuma ba don Larabawa sun riga mu ba. Ku ba ni dama in gwada kalmar a kan kashi guda na gaske.

Ranar Talata 16 ga Disamba 1997, da ƙarfe shida da rabi na yamma, tashar TV Tokyo a Japan ta nuna kashi na 38 na shirin yara mai suna Pokémon. Labarin yana da ƙarfinsa, kuma ya kamata a yaba. Na'urar da ake tura halittun shirin (su ake kira Pokémon) da ita daga wata cibiya zuwa wata ta samu matsala, sai taurarin shirin suka shiga cikin kwamfuta da kansu don gano dalili, suka tarar ɓarayi ne suka tare hanya suna kwashe abin da aka turo. Mutanen waje ba su san akwai yara a ciki ba, suka saki manhajar rigakafi, ita kuma ta ɗauki kowa a matsayin cuta ta fara harbo makamai masu linzami. A 1997, lokacin da gidaje da yawa a duniya ba su taɓa ganin intanet ba, an nuna wa ɗan shekara bakwai cewa saƙo yana bin hanya a cikin na'ura, ana iya tare shi, kuma maganin da aka saki ba tare da bincike ba yana iya cutar da wanda ba shi da laifi. Wannan basira ce.

Rauninsa kuwa 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, wajen minti ashirin da farawa. Pikachu, ɗaya daga cikin halittun, ya tarwatsa makaman, sai allon ya cika da walƙiyar ja da shuɗi suna musanya kimanin sau 12 a daƙiƙa guda. Yara suka fara jin jiri da tashin zuciya da dishi-dishi, wasu suka faɗi suna jijjiga, domin akwai nau'in farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa. Mutum 685 aka kwasa zuwa asibitoci a motocin ɗaukar marasa lafiya, mafi yawansu yara. Aka dakatar da shirin wata huɗu, sai a Afrilu 1998 ya dawo, kashin kuma ba a sake nuna shi ba. Daga nan gidajen talabijin na Japan suka kafa ƙa'ida cewa kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa, aka kuma fara rubuta gargaɗi a farkon shirye-shirye: a kunna fitilar ɗaki, a ja baya daga allo.

To ku duba da kyau. Da za a tsayar da fim ɗin a ɗauki hoton jan shi kaɗai a manna a bango, ba zai cutar da kowa ba. Shuɗin ma haka. Labarin ba shi da laifi, muryoyin ba su da laifi. Saurin da hoto ke bin hoto shi ne ya kai yara asibiti. Nan ne kuma duk sana'ar take. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu zanen hannu sukan zana 12 su maimaita kowanne sau biyu, shirye-shiryen talabijin na Japan kuma sau da yawa 8 suke yi don rage kuɗi. Mai sharhin da ke da kalmar motsi a bakinsa zai iya cewa "zanen ya yi kyau amma motsin ya yi tsauri", ko "labarin mai sanyi ne, motsin ne ya yi wa ɗan shekara uku sauri". Mai cewa katun ba shi da inda zai raba waɗannan biyun, iyakarsa ya ce katun ɗin ya yi daɗi ko bai yi ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yaran gidajenmu a waya suke kallo, a ɗaki mai duhu idan an ɗauke wuta, allon kusan a kan hancinsu. Uwa tana bukatar ta san cewa ban da tambayar "me ake faɗa a ciki", akwai ta biyu: yaya yake motsi?

Yaya, ƙorafinki gaskiya ne, cewa a rubuce zane yana iya zama na ɗaurawa. Idan aka sa shiri ko fim a gaba, shirin zane mai motsi, ruɗanin ya kau. Jam'insa zane-zane masu motsi. Wanda aka yi da kwamfuta ma zane ne, alƙalamin ne ya canza. Inda kalmar ta gaza shi ne wanda ake yi da 'yar tsana, a ɗauki hoto a gusa ta kaɗan a sake ɗauka. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tahoua ya rasu a 2015, ya yi duka biyun: ya zana kwaɗinsa da hannu tun shekarun 1960, daga baya ya yi aiki da 'yan tsana. Irin wannan na biyun sai mu kira shi 'yar tsana mai motsi, kada mu tilasta masa sunan zane.

Shawarata ke nan: katun ya ci gaba da zamansa a bakin yara da masu tura fim a waya, ba wanda zai iya kore shi. A rubutu, da aji, da gidan rediyo, mu ce zane mai motsi. Idan na yara ne mu ƙara "na yara" da bakinmu, bayan mun kalla mun tabbatar.

Saura sunan mai sana'ar. Mai zanen motsi ya fi min sauƙi a harshe, amma ina so in ji daga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kalmar Faransanci ta wannan sana'a ta fara isa kunnuwanku: me kuke kiransa idan kuna magana da Hausa zalla?