Faɗan daba a unguwarmu: me zan kai wa kwamiti?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya an sake sarar wani yaro a bakin layinmu, ramuwar na makon jiya ce. A kama, a sako, a koma gidan jiya. Kwamitin unguwa zai zauna ranar Asabar, don Allah ku ba ni shawara.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ku ɗauki abin kamar kwalara, daga mutum yake tsallakawa zuwa mutum. Mu a asibiti muna cikin ɗinke yaro, abokansa na bakin ƙofa suna ta buga waya, ido jawur. Daga nan na san gobe za a kawo mana wani. Akwai likitan annoba, Gary Slutkin, da ya yi yaƙi da kwalara da tarin fuka a Somaliya. Da ya koma Shikago ta Amurka, a 2000 ya ƙaddamar da wani shiri da ya riƙa ɗaukar tubabbun 'yan daba aiki da albashi, su riƙa cim ma masu shirin ramuwa kafin su fito. Ku nemi irinsu biyu ko uku waɗanda yaran ke jin maganarsu.

Malam Na Bakin Kasuwa: Anti, tubabbe kuma? Mu ba kura ajiyar nama?

Anti Nas: Malam, sai an tantance. Amma yaron da ke riƙe da wuƙa ba zai tsaya ya saurare ni ba, wanda ya taɓa riƙe ta zai saurara.

Maman Amira: A ƙara da ta Laberiya. A Monrobiya an zaunar da matasan titi mako 8 ana koya musu danne fushi da tunanin gobe, wasu aka haɗa musu da dala 200 na jari. Bayan shekara 10 aka bibiye su, aka tarar sata da fashi sun ragu a wurinsu.

Yaya Injiniya: Tawa ba ta cin kuɗi. Ku sayi littafi, duk sara a rubuta layin da aka yi, da ranar, da lokacin, ban da suna. Haka asibitin Kadif a Birtaniya ya riƙa yi yana miƙa wa hukuma. Wata biyu kawai za ku ga lungun da ke neman fitila.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai. Anti Nas, ko za ki samu zuwa Asabar bayan la'asar? Bakinki zai fi nawa.

Anti Nas: Ina aikin safe, in sha Allah zan zo. Ku gayyato iyayen yaron jiya.