Yadin kujeru da robobin cikin mota sun koɗe: rini ko canji?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 406 ƙirar 1998, injinta lafiya lau, amma cikinta ya fara ba ni kunya idan na ɗauki baƙo. Yadin kujerun, wanda asalinsa shuɗi ne mai duhu, ya koɗe ya koma ruwan toka, musamman saman kujerar baya inda rana ke duka ta gilashi. Yadin rufin ciki ya saki har yana taɓa kai, robobin ƙofa da na tablo, wato allon gaban direba, kuma sun yi fari-fari. Wani ya ce in kwance yadin in kai marina a tsoma shi a baba, wani kuma ya ce in shafa wa robobin baƙin mai. Ba na son a mayar mini da kujerun leda, domin kowa ya san yadda take ƙona mutum a Afrilu da Mayu a nan Damagaram. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Tapisiye:

Wa alaikumus salam, Malam, ni aikina ɗinki da gyaran kujerun mota ne. Kafin ka kashe ko dala, ka fara da wanki, domin sau da yawa rabin abin da ake kira koɗewa ƙurar hunturu ce da ta shige cikin gashin yadin shekara da shekaru. A cire kujerun, a kakkaɓe su sosai, a goge da buroshi mai laushi da kumfar sabulu kaɗan, ba tare da an jiƙa soson ciki ba, sannan a shanya su a inuwa. Kada ruwan Javel ya taɓa su. Bayan sun bushe ne za ka ga ainihin ɓarnar da rana ta yi.

Maganar marina kuwa, ka ajiye ta. Baba auduga yake kamawa, yadin kujerar mota kuma mafi yawansa zaren roba ne, irin wanda a masana'anta ake rina shi da rini na musamman cikin zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Idan ka tsoma shi a karofi zai fito da launi a sama kawai, ranar da fasinja ya yi gumi kuma farar rigarsa ce za ta kwashe shuɗin. Akwai fentin yadi na feshi, yana rufe koɗewa idan an bi shi shafi mara kauri sau biyu ko uku ana taje gashin tsakanin kowane shafi, amma yana sa yadin ya ɗan yi tauri, saboda haka ni na fi amfani da shi a katakon bayan kujera da dardumar ƙasa, ba wurin zama ba.

Rufin ciki ba ya gyaruwa da ɗura gam ta rami. Tsakanin yadin da allon rufin akwai siririn soso, shi ne zafi ya ruɓar da shi ya zama gari, kuma duk gam ɗin da ka sa a kan garin nan zai sake saki. Sai an sauke allon gaba ɗaya, an kankare soson tas, an shimfiɗa sabon yadi mai nasa soso da gam mai jure zafi, ana farawa daga tsakiya zuwa gefe. Haka ake yi wa yadin jikin ƙofa.

Direban hanyar Magarya:

Gaskiya tapisiye ya faɗa. Ni a kan robobi zan yi magana. Baƙin mai da man birki duk ka guje su: na farko yana kama ƙura, na biyu yana cin fenti da roba. Abin da na ga ana yi a wasu garejoji shi ne a bi robar da iskar zafi, nan take baƙinta ya dawo, kuma ba ya cin kuɗi.

Malamin makaranta:

Alhaji direba, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Zafin yana narkar da fatar robar ne, ya jawo ɗan man da ya rage a cikinta zuwa sama, shi ya sa take kyau na ɗan lokaci, amma daga baya sai ta ƙara bushewa ta fara tsagewa, kuma robar da ta kai shekarun wannan mota ba ta da sauran abin bayarwa. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a kwance robobin, a wanke da sabulu, a goge da alkol don cire duk man ƙyalli da aka taɓa shafawa, sannan a fesa fentin da aka yi domin roba. A zaɓi mara sheƙi, musamman a saman tablo, domin mai sheƙi yana mayar da haske a gilashin gaba ya hana direba gani da tsakar rana.

Abu biyu ne nake roƙon ka kada ka yi wasa da su, Malam Ɗan Birni. Bel ɗin kujera ba a rina shi, ba a fesa masa fenti. Idan rana ta cinye launinsa, to ta raunana zarensa ma, canji yake buƙata. Sannan wasu 406 suna da jakar iska a gefen kujerun gaba, ka duba ko akwai rubutun da ke nuna haka a jikin kujerun kafin a ɗinka musu riga, don kada ɗinkin ya toshe mata hanyar fita.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idan bayan wankin saman kujerar baya kaɗai ya rage a koɗe, dole ne a canza yadin kujerar duka?

Tapisiye:

Ba dole ba ne, Malam. Rigar kujera gunduwa-gunduwa aka ɗinka ta, ana iya farke wadda ta lalace kawai. Ka nemi kujerar 406 mai launi ɗaya wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, mu yanko daga bayanta inda rana ba ta taɓa ba, domin sabon yadi na kasuwa da wuya ya dace da tsohon. In an gama, ka samo abin tare rana na gilashin gaba, ka shimfiɗa zane a saman kujerar baya, ka riƙa ajiye motar ƙarƙashin rumfa. Ka tafi da guntun yadin a hannu lokacin da za ka je neman kujerar, ka gwada launin a waje cikin hasken rana.