Konfig da Hausa: tsari, saiti ko akala?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Wata kalma ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, wato konfig, fayil ɗin da manhaja ke karanta bayanan da za ta yi aiki da su daga cikinsa. Ina so mu yanke mata suna.

Akwai 'yar manhajar da na rubuta wa wani shago da yaren rubuta manhaja na C# a kan dandalin .NET Framework na Microsoft, irin mai baƙin allon nan da ba ta da maɓallin dannawa. Kowane dare tana kwashe lissafin ciniki zuwa ma'ajiyar bayanai. Suka sauya saba (server), wato kwamfutar da ma'ajiyar ke ciki, adireshi ya canza, manhaja ta tsaya cak. Yaron da ke kula da kwamfutocinsu ya kira ni: "Yaya, sai ka zo da kwamfutarka ka sake harhaɗa ta." Na ce masa ba sai na zo ba, layi ɗaya zai gyara. Da na zo faɗa masa inda layin yake, sai na rasa sunan wurin da Hausa.

Ga waɗanda ba su saba ba: a Visual Studio, manhajar da ake rubuta manhajoji da ita, akwai fayil mai suna App.config. Idan an harhaɗa manhajar, wato an mayar da rubutunta abin da kwamfuta za ta kunna, ana kwafe shi kusa da ita da sabon suna. In ita Lissafi.exe ce, shi zai zama Lissafi.exe.config. Rubutu ne zalla na XML, Notepad ma na buɗe shi. Adireshin ma'ajiya yana ƙarƙashin connectionStrings, sauran ƙananan abubuwa a appSettings. Ka gyara, ka adana, ka rufe manhajar ka sake kunna ta, domin abin da ta riga ta karanta tana riƙe da shi a ka. Masu koyo da yawa App.config na cikin aikinsu suke gyarawa, alhali wadda aka girka ba ta san da shi ba. Tun zuwan .NET Core, sabon salon .NET, a 2016 an fi amfani da appsettings.json, amma dabarar ɗaya ce.

To, me za mu kira shi?

"Tsari" ya yi faɗi. Tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin gini, har yadda aka jera lambobin manhajar kanta (code) tsari ne. "Daidaitawa" kuma aiki ne, ba abin da za a buɗe ba.

"Saiti" na fara gwadawa, don kowa ya san saitin waya, kanikawa ma suna saita mota. Na ce wa yaron ya shiga saiti. Sai ya kunna manhajar ya zura wa baƙin allo ido yana neman inda zai danna. Ba laifinsa ba ne: a kunnen mutanenmu saiti yana cikin na'ura. Shi kuwa wannan fayil duk amfaninsa shi ne a waje yake zaune.

Shi ya sa zuciyata ta kwanta da "akala". Akala ba jikin raƙumi ba ce, amma wanda ya riƙe ta shi ke cewa gabas ko yamma. "Juya akala" kuma tuni yana bakinmu. Har iyakar abin kalmar ta ɗauko: akala ba ta mai da raƙumi doki. Fayil ɗin ba zai sa manhaja ta yi abin da ba a rubuta mata ba, kuma in mai rubutu ya binne adireshin a cikin lambobinsa, babu igiyar da za a ja, dole a sake harhaɗawa. Wannan nake so ɗalibi ya ji tun daga sunan.

Shawarata: kowane layi a ciki saiti ne, fayil ɗin gaba ɗaya fayil ɗin akala. Na gwada a waya: "Buɗe fayil ɗin akala da ke kusa da manhajar, canza saitin adireshi, ka sake kunnawa." Bai tambaye ni komai ba, daren nan lissafi ya tafi.

Saura guda da nake neman bakinku a kai. Saitin da mai amfani ya adana wa kansa yana zuwa fayil ɗin user.config a cikin AppData, folda ta kowane mai amfani a Windows, kuma shi ke rinjayar na babban fayil. Ni "akalar mai amfani" nake ce masa, amma ya yi mini tsawo. Wa ke da gajere?